Baƙo Mai Gora, Wanda Ya Kwantar da Ni a Kan Ruwa

Kafin rana ta ɗago, Baƙo masunci ya riga ya ɗora ƙaton goransa a ka ya nufi tafkin Waca. Ya kifa cikinsa a bakin goran, ya tuƙa da hannu da ƙafa, kifin da ya kama ya jefa ciki. Haka muka san shi tun gemunmu na baƙi. Bana ciwon ƙirji ya sa ya rataye gora. Shi ya sa ni Sallau, da ban san alif ba, na ce a rubuta min wannan.

Ni fa ba ƙaramin mutum ba ne. Yunwar Kakalaba ta ci gari ta bar ni. Cutar agana ta zane min fuska, ta gaji ta tafi. Amma daminar da Nasara suka kwashe 'ya'yana aikin hanya, tafki ya cika ya raba ni da gonata. Ciyawa na can tana shaƙe hatsi, jikoki na nan suna kallon rumbu wayam.

Baƙo ya ce, "Zo in koya maka, Sallau. Yi ruf da ciki."

Na ce, "Ni? Gaban mata masu wanki? Ko gaban kwamandan Nasara ban kwanta ba!"

Na haye gora a zaune kamar mai doki. Ya juye da ni. Na sha ruwa na ƙoshi, na taso ba hula ba wando. Hinda, ƙanwar matata, ta rangaɗa guɗa: "Sannu da sukuwa, Sarkin Yaƙi! Ina linzamin?" Har yau in na tuna, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kai kaɗai ne ba ka yi dariya ba, Baƙo. Ka kare ni da jikinka, ka miƙo min mayafinka, ka ce a hankali, "Ruwa bai san Kakalaba ba. Kwanta."

Na kwanta. Kullum kana gefena riƙe da gora, kana cewa, "Haɓa ƙasa, hannu bayan hannu," har ranar da ka saki ban sani ba. Na ƙetare da hauya ɗaure a baya. Hatsin nan ya yi, jikokina suka ci tuwo har wata damina.

Amma duk garin nan, har da bakina, "mai ƙarnin kifi" muke ce maka. Kaico da mu! Na gode, gwanin ruwa. Allah ya sassauta ƙirjin nan.

Ku kuma samari, ku je ku karɓi goran tun Baƙo yana da ƙarfin nuna muku. In ya ce ku kwanta, ku kwanta. Sallau ma ya kwanta.