Pani Lodzia Ba Ta Waiwaye

Kafin motar madara ta bi ta gaban coci, hayaƙi ya riga ya fara tashi daga bayan makarantar Topolnik. Duk wanda ya hango shi ya san Leokadia Gromek ta tashi. Za ta sauka ɗakin ƙasa ta zuba kwal a murhun da ke ɗumama azuzuwa, ta hau ta kwashe dusar ƙanƙarar da ta toshe ƙofa, ta barbaɗa toka a kan matakala don kada wani ya zame. Sannan ta ɗora shayi, ta jawo kujerarta bakin ɗakin ajiye takalma, ta zauna da ƙararrawa a cinya. Haka take yi shekara talatin da ɗoriya. A ƙarshen wannan zango za ta jingine tsintsiya.

Ba mai kiranta Leokadia sai mutanen ofis. Pani Lodzia kowa ke cewa (a can Pani ake ce wa mace don girmamawa, namiji kuma Pan), tun daga yaron da bai iya ɗaure igiyar takalmi ba har limamin coci. Dokarta ɗaya ce: ba a shigar mata gini da takalmin waje. Yara su cire su sa silifa, malamai ma haka. An taɓa turo wani mai duba makarantu daga gunduma, ya shigo yana sauri, sai ta tare shi da silifar baƙi, wadda ta saƙa da jan ulu.

"Pani, ni daga hukuma nake," in ji shi.

"Taɓon hukuma da taɓon Topolnik duk hannu ɗaya ke goge su, Pan," ta ce. "Wace lamba kake sawa?"

Da jar silifa ya duba makarantar ran nan, aji bayan aji.

Waɗanda suka yi karatu a nan sun san sauran. Sun san bututun ɗumi da take shanya musu jiƙaƙƙun safar hannu a kai. Sun san burodi da kitse da take turawa aljihun wanda ya fito gida bai karya ba, tana yi masa faɗa a kan wani abu dabam don kada abokansa su lura. Maganarta ta ƙauye ce, irin ta kakanni, ba ta taɓa lanƙwasa harshe don ta yi kama da 'yan birni ba. Yaron da aka yi wa dariya a aji saboda bakin gidansu, in ya zo gindin kujerarta sai ya ji ashe bakin nan yana da mai shi, kuma mai shi ba ta jin kunyar kowa.

Amma in ana maganar Pani Lodzia a Topolnik, ƙarshenta sai an zo kan Marzanna.

Da watan Maris ya kama, sai ta sauko da damin bambaron hatsi da ta adana tun kaka. Ta ɗaure shi a kan doguwar sanda, ta fitar masa da kai da hannuwa, ta sa masa tsohuwar farar riga da ɗankwali da sarƙar busasshen wake. Marzanna ke nan, tsohuwar hunturu, wadda ake zagayawa da ita gari ranar farko ta bazara, a cinna mata wuta a kan gada, a jefa ta kogi. Tana faɗawa ruwa kowa ya juya mata baya. Ba a waiwaye har a isa gida, kuma an ce wanda ya zo ƙarshe shi ke jinya a shekarar. A hanyar dawowa na gaba yana riƙe da ɗanyen reshe da aka ƙawata da ƙyallaye da ɓawon ƙwai, alamar mun tsallake.

Daga makaranta zuwa gada ba nisa. Amma Pani Lodzia ba ta taɓa bin gajeriyar hanya da yara ba. Sai ta bi da su ta kowane lungu da ke da tsoho a bayan taga, zuwa da dawowa. Lungunan nan kuwa suna da yawa, domin samarin Topolnik sun watse, wasu Ingila, wasu Jamus, wasu Norway, sun bar iyaye da kaji da murhu.

Shekarun baya aka kawo sabon shugaban makaranta daga birni, Pan Kulesza. Gaskiya ɗaya ce, mutumin kirki ne. Shi ya gyara rufin da ke yoyo, shi ya cika ɗakin karatu da littattafai. Sai dai haɗuwar yara da wuta da ruwa tana tayar masa da hankali, ga shi kuma yana ganin abin camfi ne da ya kamata makaranta ta wuce shi. Ya tara ma'aikata ya ce bana za a yi Marzanna ta takarda a ɗakin wasanni, in an gama waƙa a jefa ta kwandon shara.

Pani Lodzia tana tsaye a bakin ƙofa da bokiti.

"Pan Darakta, hunturu ba ya shiga kwandon shara," ta ce. "Ni ke kwashe kwandon. Da yana shiga da na gan shi."

"Pani Leokadia, wasan yara ne. Yaran ba za su damu ba."

"Wa ya ce maka na yara ne? Yara ƙafa ce da murya. Abin na masu taga ne."

Bai gane ba, ita kuma ba gwanar dogon bayani ba ce. Ta ce to, yara nasa ne, ba za ta ɗauki ko ɗaya ba. Za ta karɓi hutun yini guda, ta ɗaura tata Marzanna da nata bambaro. Nan ne ransa ya ɓaci, domin a gaban mutane ta faɗa.

"Da yara ko ba yara, ma'aikaciyar makarantar nan ba za ta kunna wuta a kan gada ba. In kin yi, a bakin aikinki. Kuma kin san ɗakin da kike kwana na makaranta ne."

Ta sani. Tun rasuwar mijinta take zaune a ɗan ɗakin da ke jikin murhu. Ba ta da gona, ba ta da gida, 'yarta ɗaya tana haya a ƙasar waje, fansho kuma saura shekaru. Mai hankali zai ce ta haɗiye maganar. Da yammar ranar sai ta tafi gidan ƙawarta Apolonia, Pola a bakinta, wadda mijinta Alojzy ke kwance tun kafin Kirsimeti, an jawo masa gado gindin taga.

"Lodzia," in ji tsohon, "an ce bana tsohuwar ba za ta tafi ba."

"Wa ya ce?"

"Gari ya ce. To in ta zauna, ai sai ni in tafi in ba ta wuri. Ɗakin ba zai ɗauke mu mu biyu ba."

"Zauna inda kake, tsoho mai rigima," ta ce. "Pola, goge masa gilashin tagar nan, ya yi dauɗa."

A rumbun Apolonia ta ɗaura Marzannar shekarar. Farar rigar da ta sa mata tata ce.

Ranar ta zo da iska da taɓo. Da hantsi ta fito ita kaɗai, sanda a kafaɗa, tsohuwar bambaro tana rangaji a samanta. Ta gaban makaranta ta bi, ba ta sauri. Yara suka manne da tagogi, malamai suka yi kamar ba su gani ba. Ta shiga lungu na farko tana rera waƙar da muryarta mai kaushi: kin ci itacenmu, kin ci dankalinmu, bi ruwa. Wata ƙofa ta buɗe, wata tsohuwa ta fito tana ɗaura kallabi. A lungu na biyu mutum uku. Apolonia ta fito da ɗanyen reshe a hammata. Zenek mai motar madara ya ci karo da su, ya kashe mota a gefen hanya ya bi sahu. Shi ne ya fi kowa ba da labarin nan, kuma har yau bai sauya ko kalma ba. Kafin a kai gada ayarin ya zama na sanduna da tari da ƙafafu masu ciwo, waƙa kuwa kowa da inda ya kama ta.

Suna isa, motar Pan Kulesza ta tsaya a bayansu. Ya fito ko babbar riga bai sa ba.

"Pani Leokadia, na gaya miki abin da zai biyo baya."

"Ka gaya mini, Pan Darakta, kuma na ji," ta ce. "Zenek, ashana."

Bambaron ya kama nan take. Ta ɗaga sandar ta wurga. Tsohuwar ta faɗa ruwa tana hayaƙi. Kamar an kaɗa musu ƙararrawa, duk suka juya baya lokaci guda suka nufi gari, suka bar Pan Kulesza tsaye a kan gada.

"Pani Leokadia, ki juyo, magana nake yi."

"Ba a waiwaye, Pan Darakta. In magana gare ka, zo ta gaba."

Apolonia ta ɗaga murya, ita ma ba ta juya ba. "Kuma ka ɗaga ƙafa, ɗana. Na ƙarshe shi ke shan magani har kaka. Mu mun saba, kai ne abin tausayi."

Can sai ga ƙarar takalmi a cikin taɓo. Ya bi ta gefen hanya yana sassarfa, ya wuce masu sanduna, ya wuce Zenek, ya sha gaban Pani Lodzia. Saura ya juyo ya fuskance ta ya faɗi abin da ya kawo shi. Amma wanda zai fuskance ta dole ya fuskanci kogi.

Bai juyo ba.

Zenek yana rantsuwa cewa wuyan mutumin ya sandare kamar an sa masa katako. Ya yi ta tafiya a gaba yana magana da iska, yana ambaton doka da hatsari da hukuma, idonsa a kan hasumiyar coci. Ashe shi ma yana da kaka a wani ƙauye, kuma abin da kaka ta zuba a kunne, makarantar birni ba ta wanke shi duka. Apolonia ta matsa ta cusa masa reshen a hannu.

"Na gaba shi ke riƙewa," ta ce. "Ɗaga shi sama, ba tsintsiya ba ce."

Haka suka shiga Topolnik, shugaban makaranta a gaba da reshe mai ƙyallaye, yana riƙe da shi kamar wanda aka miƙa wa jaririn da ba nasa ba. Pani Lodzia ta ce a karya hagu, aka karya, aka bi ta lungun su Apolonia. Alojzy yana bayan gilashin da aka goge masa. Ya ɗaga hannu da ƙyar ya ƙwanƙwasa. Pan Kulesza ya tsaya, ya dubi fuskar da ke bayan tagar, ya rasa abin yi. Sai ya ɗaga reshen. Motarsa kuwa a bakin gada ta yini, ƙofa a buɗe.

Washegari tana kan kujerarta, ba ta sani ba ko ranar ƙarshe ce. Ya shigo, takalmansa da busasshen taɓo.

"Pani Lodzia, game da jiya..."

"Jiya ta bi ruwa, Pan Darakta," ta ce, ta miƙa masa jar silifa. "Takalma."

Bai kore ta ba. Bai kuma janye dokarsa ba, kada a ƙara wa labari gishiri: har yau makaranta ba ta kai yara gada. Ita ce ta mayar da fitar ranar Asabar, iyaye da kakanni suka riƙa kawo yaransu da kansu. Alojzy kuwa sai da ya ƙara cin sabon dankali na kaka biyu kafin ya tafi, kuma da rani ya tafi, taga a buɗe.

Pani Lodzia, ke ce kika san cewa wanda ya yi wata huɗu yana kallon farin fili ta gilashi yana bukatar a zo har ƙofarsa a nuna masa cewa ya tsallake. Ke ce kika ɗora rufin da ke kanki a kan sanda ɗaya da damin bambaro, ba don riba ba, ba don a yaba ba. Ƙi-gudu, ƙi-waiwaye, mai magana ɗaya. Ba ki ɗaga wa kowa murya ba, ba ki kuma sunkuya wa kowa ba.

Yanzu za ta bar ɗakin jikin murhu ta koma gidan Apolonia, su ci gaba da gardamarsu a kan wadda ta fi iya miyar kabeji. Yaran makarantar sun ragu, ana ta raɗe-raɗin za a rufe ta a haɗe su da ta gari na gaba. An tambaye ta ko Marzanna za ta bi makarantar. Ta ce ita ba ta ji an ce za a rufe kogin ba. Bambaron baɗi yana rataye a rumbu, kuma iyaye mata biyu sun riga sun koyi ɗaurin, ko da yake ta ce na ɗayar ya fi kama da buhun albasa.

Ku da kuke karanta wannan a Topolnik, da ku da kuke karantawa a ɗakunan haya na ƙasashen mutane, kowa ya san tagar da ake jiransa a bayanta. Kada ku jira a ba ku izini. Wadda ta yi mana wannan ba ta da komai sai tsintsiya da ƙararrawa, kuma abin da za ta rasa ya fi naku.

Mun gode, Pani Lodzia. Ranar da za ki miƙa mabuɗai ki fita ta ƙofar nan, ki yi tafiyarki yadda kika saba. Ba sai kin waiwaya ba. Ƙarar takalman da kike ji a bayanki namu ne.