Tutar Sale da Sitikata

Jama'a, yau na ga gata da idona!

Ina shigowa gari a motata da lodin doya daga Assakio, sai ga maƙwabcina Sale ya biyo wan-we ta baibai a motarsa yana waya. Ƙatuwar tutar kulob ɗinsa na Ingila ta rufe masa rabin gilashi. Saura kaɗan ya kwashe min madubi. Na kauce, tayata ta faɗa kwata.

Wani jami'in hanya ya tsayar da mu duka. Na ce yau Sale ya shiga uku.

Jami'in na ganin tutar sai ya washe baki. "Oga, ka kalli wasan jiya?"

Sale ya ce, "Ci uku fa muka zuba musu."

Suka tafa, ya ce ya wuce.

Sannan ya juyo kaina. Na ce, "Yallaɓai, ni aka kusa kashewa." Ya ƙura wa sitikar gilashina ido, ta kulob ɗin da suka lallasa jiya. Ya ce, "Malam, kawo takardunka."

Awa biyu ina tsaye a rana, raina na ƙuna. Shekara goma ina bin doka, ko sannu ba a taɓa ce min ba. Sale kuwa ya dawo ta wan-we ɗin, ya danna min hon, jami'in har da sara masa.