Gadon da ke Bayan Kujerar Direba

Yayana ya zo Dubai a tsakiyar zafi, lokacin da mai zaɓi ba ya zuwa. Ni ina aiki a wani ofishin kago, ina haɗa wa 'yan kasuwar Kano kayansu a kwantena, shi kuwa kan tirela ya zo saya. Tun ina firamare yake jan motocin mutane tsakanin Legas da Kano. Furfura ta fito masa a kan sitiyari, bayansa ya soma ciwo har ba ya iya ruku'u sai ya dafa gwiwa a hankali. Sai ya sayar da gonar da ya gada, ya ce shi ma zai ja tasa kafin ƙarfi ya ƙare. Saye ɗaya ne ba na biyu, in ya yi kuskure ba shi da wata gonar.

Na kai shi wajen masu sayar da manyan motoci a Ras Al Khor. Muka yi ta yawo a rana har muka tsaya a kan guda biyu a fili ɗaya. Ta farko 'yar Turai ce, irin wadda muke kira 'yar Beljiyam ko daga wace ƙasa ta fito, ta sha hanya, fentinta ya koɗe, kujerarta ta tsage a gefe. Ta biyu ƙirar Koriya ce, fara, wani kamfanin gine-gine ya yi ɗan aiki da ita ya mayar, ledar da ke jikin ƙofarta ma ba ta gama cirewa ba. Kuɗinsu kusan ɗaya ne. Ni dai ban ga abin tunani ba, na ce ya ɗauki sabuwar mu tafi inda akwai inuwa.

Yaya ya zagaya 'yar Koriyar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ƙwanƙwasa tankin mai, ya sa aka tayar da ita ya saurari injin da kai a karkace. Bai sami aibu ba, kuma na ga hakan bai yi masa daɗi ba. Direbobinmu suna da wata ƙa'ida da ba a rubuta ta ba: motar kirki ita ce wadda Bature ya fara ja ya gaji. Ko tsufa ya cinye ta, in dai daga can ta fito, an gama magana. Don haka sai ya tambayi mai filin ko Turawa suna jan wannan. Mai filin ya ce wallahi habibi, wato abokina, duniya duka na jan ta. Yaya ya dube ni, ya ce wannan ko a kan jaki ka tambaye shi haka zai ce.

Ina da maƙwabci a benen da nake zaune a unguwar International City, wani dattijo ɗan Romaniya da ke hawa ɗaya da ni. Ya yi ƙuruciyarsa yana jan tirela daga Turkiyya zuwa Holan, yanzu yana koya wa direbobin wani kamfanin siminti tuƙi. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu, sai ranar da ruwan famfo ya ɗauke muka haɗu a matakala da bokiti. Na ƙwanƙwasa masa ƙofa na ce yayana na neman Baturen da zai duba masa mota. Ya yi dariya, ya ce a Jamus ma ba kowa ke ɗaukar sa Bature ba, amma ran Asabar ba shi da aiki.

Ran Asabar muka koma da shi. Yaya ya sa babbar riga, ban san dalili ba. Yana jiran Baturen ya buɗe injin 'yar Koriyar, sai mutumin ya wuce injin ko kallo babu, ya cire takalmi ya ajiye a matakalar mota, ya hau da safa. Ya zauna a kujera ya yi ɗan tsalle a kanta. Ya miƙe tsaye a ciki, kansa ya bugi rufi. Ya buɗe kowane ɗan akwati, ya ja labule, sannan ya juya ya kwanta a wani siririn benci da ke bayan kujera. Ƙafafunsa ba su samu wurin miƙewa ba.

Yaya ya tambaye ni ko mutumin ba shi da lafiya ne. Na ce dubawa yake yi.

Da ya sauko ya fara bayani da Turanci, ni ina juyawa. Ya ce injin ba shi da laifi, giyar ma haka. Amma direban Turai ba zai so ta ba, domin su a cikin mota suke zama. Mutum zai bar gida ya yi makonni, nan ne ɗakin kwanansa, nan ne kicin ɗinsa, shi ya sa ma ba a shiga da takalmi. Suna son gado mai faɗi da katifa ta gaske, da rufin da za ka tsaya ka sa wando, da ɗan firji, da abin ɗumama ɗaki in an kashe inji. Suna son kujera mai iska a ƙarƙashi, wadda ke shanye gargadar hanya kafin ta kai ga ƙashin baya. Ya ce a can, in kamfani ya ba direba mota mai wannan benci, direban zai bar masa makulli ya koma wani kamfanin.

Yaya ya sa na maimaita wannan na ƙarshen. Na maimaita.

Na san inda yake kwana a hanya, don na taɓa bin sa sau ɗaya ina saurayi. Tabarma ce a ƙarƙashin mota, kusa da tankin mai, saboda masu zuƙe man dizal da masu kwance batir. Motocin da ya ja suna zuwa da gado daga Turai, amma masu motar kan cire shi tun a tashar ruwa, su cika wurin da jarkoki da kayan gyara da katan-katan na wani ɗan'uwansu da ba ya son biyan kuɗin dako. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, ban kuma taɓa jin wani direba ya yi ba. Haka aka same ta.

Baturen ya ci gaba, yanzu da fara'a, don yana ganin ya zo wajen albishir. Ya ce amma ga Afirka wannan ita ce daidai. Tana da tsayi daga ƙasa, ba ta da tarkacen wayoyin da ke rikita makanike, sabuwa ce, za ta yi shekaru ba ta nemi komai ba. Waccan tsohuwar kuwa ta kusa gama rayuwarta. Ya dafa ƙofar 'yar Koriyar ya ce su direbobinku ai a waje suke kwana, ƙasarku da zafi, ba ku buƙatar gado da sauran wannan. Da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma gaskiya ya faɗa game da motar. Na juya wa Yaya kamar yadda aka faɗa.

“Wa ya gaya masa ba ma buƙata?” in ji Yaya.

Na ce ba da wata manufa ya faɗa ba.

“Na sani. Ka dai gaya masa ba ba ma so ba ne. Ba a taɓa bar mana ba ne.”

Na gaya masa. Baturen ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalminsa.

Yaya ya taka zuwa wajen tsohuwar. Ya tsaya a matakala, ya cire takalminsa yadda ya ga an yi, ya tattara babbar riga ya hau. Mai filin ya tayar masa da ita don sanyi ya kama. Muka ga kujerar ta yi ƙasa da shi ta dawo sama a hankali, ya sake gwadawa. Daga nan ya ja labule. Muka koma ofishin mai filin muka sha shayi, muka ƙara, har mai filin ya fara duba agogo yana cewa yalla, khalas ko ba khalas ba, wato a hanzarta, an gama ko ba a gama ba. Da na hau na ɗaga labulen, Yaya na kwance a miƙe, hularsa a kan ƙirji, yana minshari.

A hanyar gida na yi iya ƙoƙarina. Na tuna masa gonar, na tuna masa abin da Baturen da shi da kansa ya nema ya ce. Na ce a sabuwar ma ana iya sa kafinta ya faɗaɗa bencin. Ya ce rufin fa, kafinta zai ɗaga shi? Kujerar fa? Raina ya ɓaci, don ina ganin mutum zai zuba kuɗin gonar gadonsa a mota mai tari saboda katifa. Ya bar ni na gama, sannan ya tambaye ni yaushe jirgin ruwa na gaba zai tashi. Ni na haɗa wa tsohuwar takardu da hannuna.

Abin da Baturen ya faɗa bai faɗi ƙasa ba. Motar tana aiki, tana kuma tsayawa, kuma tsayawar na ƙara yawa. Yanzu akwai wani shago a Sharjah da suka san ni da fuska, nakan sayi kayan gyaranta in cusa a kwantenar wani ɗan kasuwa mai mutunci. Ba ta mayar da gonar ba, ban kuma ga alamar za ta mayar ba. Maƙwabcina in mun haɗu a matakala yakan tambaye ni labarin tsohuwar, ba ya tambayar injin, sai ya ce yaya bayan mutumin.

Kwanan baya ta mutu masa a kusa da Mokwa, da kaya a bayanta, wani ƙarfe ya lalace wanda babu shi a Nijeriya sai na aika. Na kira shi da hantsi in gaya masa na samu, amma zai ɗauki lokaci kafin ya iso. Wayar ta daɗe tana ringi. Da ya ɗauka muryarsa a dishe take, na ji ana ruwan sama a kan rufin ƙarfe. Na fara ba shi haƙuri, na ce ban san yadda zai yi da zaman jira a daji ba.

“Ka aiko duk sanda ya samu,” ya ce. “Yanzu dai barci nake yi, ka kira anjima.”