Tsatsar Jikin Ƙugiya

A farkon shekarun saba'in ina tuƙa Landirobar wani jami'in haƙa rijiyoyi. Muna jan wata tirela mai kamar ɗaki, da gado da taga, a ciki yake kwana idan mun fita ƙauyuka. Ban daɗe da dawowa daga Kano da takardar koyon gyaran mota ba, ina ganin duk Gaya babu kamata.

Ran kasuwar Ajingi fitilun tirelar suka rikice. In na taka birki, sai sigina ta kama lumshe ido. In na kunna ta hagu, ta dama ma ta amsa. Jami'in ya ce ba zai hau titin Kano da ita haka ba. Na shimfiɗa buhu a gindin wata tsamiya, na canza ƙwan fitila, na canza fis, ba abin da ya sauya. Mutane suka taru suna kallo.

Sai ga wani dattijo ɗan Toranke, aminin mahaifina, ya kawo gyaɗa kasuwa. Tsohon soja ne, ya yi aikin motoci a can kafin ya koma gona. Ya tsuguna ya daɗe yana duba inda tirela ta haɗu da mota.

"Ɗana, ba wayoyinka ba ne," in ji shi. "Wuta in ta je, sai ta sami hanyar dawowa, kuma ta jikin ƙarfe take bi. Kankare tsatsar nan ta wajen ƙugiya, inda aka ɗaure baƙar waya."

Da ya faɗa mini a keɓe, wataƙila da na ji. Amma a gaban jama'a ne, jami'in kuma yana tsaye. Na ce, "Baba, wannan ba motar zamaninku ba ce. Ku je ku ji da gyaɗarku."

Wasu suka yi dariya. Ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe gwiwa, ya ce, "To, Allah ya taimaka." Ya tafi.

Kwana biyu na yi ina farke wayoyi, ina bin su ɗaya-ɗaya, har na yanke wadda lafiyarta ƙalau. A rana ta uku da hantsi, da na ga ba kowa kusa, na kwance notin da ya ɗaure baƙar wayar a jikin ƙugiya, na goge wurin da samfefa har ya yi fari, na mayar. Na sa jami'in ya taka birki. Jar fitilar birki ta kama tangaram, sigina kuma kowace ta tsaya a gefenta.

Ya yi ta yaba mini, ni kuwa na karɓi yabon ban ko ambaci dattijon ba.

Bayan nan sau uku muna ratsa Toranke. Kowane karo sai in ce wa kaina a dawowa zan tsaya. Sau ɗaya ma na hango dattijon a bakin gonarsa, ya ɗaga mini hannu, na danna hon na wuce.

Da damina ta gaba mahaifina ya aiko mini cewa dattijon ya rasu. Na je ta'aziyya, babban ɗansa ya riƙe hannuna ya ce, "Kullum Baba yana cewa kai ne za ka fi kowa iya gyara a ƙasar nan." Na sunkuyar da kai.