Warin Daddawa

A gidanmu na Dosara, tatsuniya ba ta zuwa kyauta. Idan an cire gyaɗa, Kaka Tumba, mahaifiyar babanmu, takan sa a zube mana buhu a tsakar gida bayan an ci tuwo, ta jawo kujerarta kusa da garwashin murhu. Duk wanda hannunsa ya daina ɓara, bakinta ma sai ya tsaya. Ni ne malalacin cikinmu, ni take fara kamawa.

"Kai angona, mi kaka jira? Haka za ka ciyar da ni in munka tare?"

Sai a kwashe da dariya, ni kuwa in ɓata rai. Wallahi ina son tsohuwar nan, ko da yake a lokacin ban san sunan abin so ba.

Akwai tatsuniyar da ta fi yi mana, ta wata mai daddawa da ta yi abota da aljanin da ke zaune a ɗorawar bayan gidanta. Aljanin nan ba ya gajiya, ba ya gardama, abin da aka ce masa shi yake yi. Ranar da tafiya ta kama matar, sai ta bar masa aikin. Ta ce ya dafa kalwa, ya surfe, ya wanke, ya sake dafawa, ya zuba a kwando ya lulluɓe da ganye. Ya yi duka yana waƙa, Kaka na rerawa muna amshi. Da kalwa ta kwana biyu a rufe sai wari ya tashi. Aljani ya ce wayyo, kayan ƙawata sun lalace! Ya kwashe ya kai rafi ya zubar, ya wanke kwando tas, ya zauna yana jiran a yaba masa.

A nan Kaka takan tsaya ta tambaye mu laifin wa ne. Mu ce na aljani.

"A'a. Na matar na. Ta daɗe cikin warin ga har hancinta ya manta abin hwaɗi na. Ina aljani za shi san wari shi a nuna?"

Yau ina zaune a Talata Mafara, aikina a kwamfuta yake. Akwai manhajojin AI da ake aika su yi aiki su kaɗai, ba mai tsaya musu a kai. Ni nawa shi ne in duba bayanin amfani da ake rubuta musu, in ga ko ya ishe su. Kwanaki aka ba ni bayanin wata manhaja mai mayar da magana rubutu. Maimakon in gwada ta da labaran rediyo, sai na ɗauko kaset ɗin da Baffa ya taɓa naɗa a tsakar gidan nan. Shi kaɗai ya rage mana na muryar Kaka, ga shi zaren ya fara ci. Tun da rashin tsaro ya watsa mu, 'ya'yana ba su taɓa taka gidan ba, ina so ko a rubuce su same ta yadda take.

Na mayar da kaset ɗin cikin kwamfuta, na miƙa wa ɗan aiken nawa, wato AI ɗin da zai sarrafa manhajar, tare da bayanin, na koma gefe. Ya dawo da rubutu tsaf-tsaf. Na zauna na karanta. Labarin yana nan, amma babu waƙa, babu amshinmu, babu tsokanar da take yi mini. Duk ya share su a matsayin hayaniya.

Na so in zage shi, sai na koma na bi bayanin layi-layi. Ashe manhajar tana iya barin kowace murya, ta ma ware masu magana ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka ƙera ta sun san haka sarai, shi ya sa bai zo musu a rai su rubuta ba. Na sa wannan a rahotona, na ƙara jimlar da ta ɓace a bayanin da hannuna, na sake aikensa.

Wannan karon komai ya dawo, har tarin Kaka. Sai ga wani abu da ban zata ba. A wurin amshi, rubutun ya ware muryar wata babbar mace, can nesa da mu. Na sa kunne na saurara sau da yawa. Innarmu ce. Ita da kunyar suruka ba ta taɓa bari ta zauna cikinmu ba, ashe daga ɗaki take bin waƙar.

Na kira ta a waya na faɗa mata. Sai ta ce, "Ni? Na'urarku ƙarya take yi."

Na ce to shi ke nan, bari in goge.

"Kai, kar ka soma," in ji ta, tana dariya. "Bar shi nan jikokina su gani."