Barcin Kawu Dogo

Kawu Dogo ƙanen mahaifiyata ne, autan Kaka. Tun da na yi wayo nake ganinsa da fulawa a gira da gashin hannu, domin a gidan burodi ya yi rayuwarsa. Shi ke sauke buhuna daga mota, shi ke kwaɓi, shi ke tsayuwa bakin tanda har gari ya waye. In ya dawo da safe sai ya miƙo mana burodin da gefensa ya ƙone, ya ce, "Ku ci, na manya ne, shi ya sa aka yi masa kwalliya."

Da yake da rana yake barci, gidanmu na da doka guda: ba a tashin Kawu. Mu yara mukan cire takalmi in za mu gifta ƙofarsa, ko rediyo ba a kunnawa sai la'asar. Munsharinsa kuwa har tsakar gida. Kaka kan ce, "To, inji ya tashi, kowa ya kama kansa."

Ciwon baya ne ya haɗa shi da ƙwaya. Buhu ya zame masa a kafaɗa, ya yi kwanaki yana tafiya a karkace, wani abokin aikinsa ya ba shi guda ɗaya don ya iya tsayuwa. Ɗaya ta koma biyu, biyu ta daina isa. Bai taɓa tangaɗi a titi ba, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, sai dai ya rame, dariyarsa ta ragu.

Matarsa ce ta gano, da ta zazzage aljihunsa za ta yi wanki.

"Baban yara, wannan duk kai kaɗai?"

"Magani ne."

"Maganin da ake ɓoyewa cikin safa?"

Ya ce, "In na bari, wa zai tsaya min a bakin wutar?"

Da aka rufe gidan burodin don gyaran tanda, ya ce lokacin barin ƙwaya ya yi. Na ga yadda ya sha wuya: gumi, rawar jiki, amai, ga ciwon bayan bai daina ba. Amma ya daure makonni, har kumatunsa suka fara dawowa. Matarsa ta riƙa tsokanarsa wai ango ya dawo.

Ranar da aka buɗe, aiki ya taru ya yi musu yawa. Ciwon bayan ya sake tashi. Daga baya muka ji cewa kafin ya taho gida ya sha adadin da ya saba sha a da.

Ya shigo da safe ba wasa ba burodi, ya wuce ɗaki. Can sai munshari ya fara, amma wani iri, kamar ana jan ruwa da toshasshen bututu, ya yi shiru ya daɗe, ya sake fizgowa.

Matarsa ta ce, "Inna, ki saurara. Anya kuwa?"

Kaka ta ce, "Gajiya ce. Ke kika kwana gaban wuta? Bar min ɗa ya huta."

Ƙaramar 'yarsa ta nufi ƙofar, aka ɗauke ta cak aka fita da ita. Haka muka yini muna magana ƙasa-ƙasa. Da matarsa ta shiga da la'asar, leɓensa ya riga ya canja launi. Bai kai asibiti da rai ba.

Nas ɗin da ta karɓe mu ba ta yi mana faɗa ba. Ta ce wannan ƙarar ba barci ba ne, numfashi ne ke yankewa, kuma jikin da ya huta da ƙwaya ba ya iya ɗaukar abin da ya saba. Ta ce kowace shekara irinsu ƙaruwa suke, yawanci masu aikin ƙarfi ne da direbobi, ba waɗanda mutane ke zato ba.

A zaman makoki an yi ta cewa hawan jini ne, mu ma muka bi. Amma da abokan aikinsa suka durƙusa gaban Kaka, wani ya ce, "Ashe hawan jini, Inna," sai ta ɗago.

"Ƙwaya ce," ta ce. "Ina zaune nan ina jin sa, na hana a shiga. Duk mai sha a cikinku ya je gida ya faɗa wa matarsa yau, ya ce in ta ji haka ta fasa ƙofa."

Wanda ya yi maganar hawan jinin ya sunkuyar da kai, yana kuka.