Akwatin da Ke Yi wa Tsuntsaye Sallama

'Yata ta fari ta dawo Haɗeja daga Legas da kwali cike da wayoyin lantarki, ta ce kamfani za ta kafa. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Inna nake kiran ta. Injiniyar lantarki ce, kuma inda take aiki sun ce za su ajiye mata kujerarta har ƙarshen damina. Idan abin bai yi ba, za ta koma. Ni kuwa na gama yawona, Kartum, Duwala, Jidda, na dawo gida, ba na son ta sake zama muryar da nake ji a waya kawai.

Abin da take son ƙerawa ɗan akwati ne mai sola a ka da lasifika a ciki, a kafa shi a kan sanda a gonar shinkafa ya riƙa korar jan-baki. Duk wanda ya yi noma a fadamar nan ya san tsuntsun. A cikin kacalla, doguwar ciyawar nan ta bakin ruwa, yake kwana, ya taso kamar hayaƙi ya sauka a kan shinkafa tun tana nono, manomi ya wuni yana ihu da kaɗa gwangwani.

Na farko da ta haɗa a zaurena, rana ta narkar da robarsa. Na biyu ya yi aiki har kogi ya cika, ruwa ya shige shi. Na uku kuwa tsuntsayen ne suka mai da farantin solar wurin hutawa, suka rufe shi da kashi, batir ya mutu. Ta karkata farantin, ta sauya roba, ta ce a wata masana'anta a ƙasar Sin za a ƙera, a liƙe akwatin ruf yadda ko tururuwa ba za ta shiga ba.

Saura murya. Ta gwada kukan shaho, jan-baki ya saba da shi cikin 'yan kwanaki. Sai ta miƙo mini waya ta ce in yi ihu irin na mai gadin gona. To, ni ban iya buɗe baki haka kawai ba. Na ce, "Salamu alaikum. Ana ji na?" Sannan na yi ihun. Ta yi dariya ta ce za ta yanke farkon. Ta yanke kuwa, amma wanda ba a yanke ba shi ya tafi Sin.

Kaya suka daɗe a tashar jirgin ruwa, suka iso shinkafa ta fara fitar da kai. Cikin gaggawa aka raba wa manoma ta wajen Miga da Kafin Hausa, ba wanda ya tsaya saurare.

Ba a jima ba sai ga wani tsohon abokina a kan babur. Babarbare ne, ni Bafillatani, tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Bai ko sauka ba ya ce, "Alhaji, ashe bayan kiwon shanu har kiwon tsuntsu kuka koma? Ka shiga akwati kana yi musu sallama, su kuwa sun ji an yi musu maraba sun zauna."

Ya ce an kafa ɗaya a gonarsa, tun safe yake amsawa. Da ya sunkuya zai yi aiki, sai ya ji muryata, sai ya ɗago ya ce wa alaikumus salam. Maƙwabcinsa ma haka. Har an kai maganar gaban liman, ko wajibi ne a amsa sallamar akwati. Liman ya ce ba wajibi ba ne, amma da ya bi ta gonar aka ji shi ya amsa. Na ga ƙofofin kantuna a Jidda masu yi wa mutum maraba da murya, ban taɓa ganin wanda ya kula su ba. A nan kuwa an san muryar, an san mai ita, wa zai wuce ni shiru?

Ni dariya na yi. Inna ba ta yi ba. Akwatunan a liƙe suke, ba a buɗe su sai an fasa, ga shi tsuntsaye sun saba da ihun kamar yadda suka saba da shaho. Na ga ta ciro jakarta daga ƙarƙashin gado ta kakkaɓe.

Muka hau adaidaita muka fita karɓo su gona-gona. Kowa ya bayar, yana ba ta haƙuri, sai abokin nan nawa. Ya ce nasa ba inda za shi, ya samu Bafillatanin da yake zagi ba ya ramawa. Muna tsaye akwatin ya yi sallama, tsohon ya amsa, ya ɗora da cewa in je in nemo shanuna. Tsuntsaye suka tashi. Da akwatin ya sake yi, sai ya amsa masa da waƙa. Suka sake tashi.

Inna ta zauna a kan kunyar gonar tana kallo har la'asar. Ihun akwatin bai motsa su ba, kullum iri ɗaya ne. Shi kuwa tsohon bai taɓa amsawa iri ɗaya sau biyu ba.

A hanyar gida ta ce, "Baba, muryarka kaɗai ba za ta isa ba. Ina son muryoyi da yawa, a gauraya su yadda tsuntsaye ba za su san mai zuwa ba. Kuma akwatin da kusoshi za a ɗaure shi, ba da gam ba."

Na tambaye ta Legas fa. Ta ce ta aika musu su ba wani kujerar, noman rani na tafe.

Ranar Juma'a bayan masallaci zaurena ya cika da tsofaffi, kowa na jiran a miƙa masa waya. Inna ta roƙe su kada kowa ya yi sallama. Abokina ne ya fara karɓa, ya gyara murya, ya dube ni, ya tambaya ko an yarda a ambaci Fulani.